Nasiha Ga Malamai Da Attajirai A Kan Ladubban Daji Da Bakin Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya gudanar da ƙoramu a cikinta, ya tsirar da itatuwa domin amfanin bayinsa da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ina gaida malamai ma'abota allo da alƙalami, da fatake da 'yan kasuwa na ƙasar Gwarzo da Kabo, da dukan wanda wannan takarda ta isa hannunsa. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata mas'ala ce wadda ta daɗe tana damuna, watau fitar da yaranmu ke yi zuwa daji da bakin ruwa ba tare da an koya musu ladubban wurin ba. Ra'ayina kuwa shi ne, ɗan kuɗi kaɗan, in aka sa shi hannun waɗanda da ma su ke karantar da yaran, ya isa ya toshe wannan kafa. Zan bayyana dalilina dalla-dalla, sa'an nan in faɗi yadda nake ganin za a tara kuɗin, da yadda za a kashe shi, da yadda za a tsare shi daga hannun maciya amana.

Kowa ya san al'adar makarantun allo, Alhamis da Jumma'a ranakun hutu ne. Da hantsi ya yi ran Alhamis sai ka ga ƙolawa da titibirai sun ɗauki tsummokaransu sun nufi bakin dam garin wanki da wanka, waɗansu kuma su faɗa daji neman itacen wutar karatu, ko tsintar kanya da magarya. Ran Salla kuwa samari ne ke zuwa a kan babura, har daga birnin Kano, su cika bakin ruwa suna ciye-ciye da ɗaukar hoto. In rani ya yi a buga gangar farauta, matasa su fita da karnuka da gorori. Duk wannan shaƙatawa ce, kuma ɗan Adam ba ya rayuwa sai da ita. Ni ban zo in hana kowa fita ba. Tambayata ita ce, wa ya koya musu abin da za su yi da abin da za su bari in sun isa can?

Ku lura da wani abu, ya 'yan'uwa. Ruwan da yaranmu ke shiga yau iyayenmu ba su san irinsa ba. A da abin da ke ƙasar nan rafi ne mai gudu da damina, ya ƙafe da rani a koma tonon yashi, sai kuma kududdufin bayan gari. Da aka yi Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya ɗauki aikin datse koguna, fari mai tsanani na 1973 kuma ya ƙara wa hukuma himma. Aka gama madatsar Tiga a 1974, aka bi da ƙanana irin su Guzuguzu da Magaga da Pada a wannan yanki namu, da Watari a ƙasar Bagwai, daga baya aka gama babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Alherin waɗannan ruwaye ba ya ƙidayuwa. Da su ake noman rani, da su ake shayar da dabbobi, daga cikinsu ake kamun kifi. Amma fa an kawo mana ruwa mai zurfi, ba a kawo mana saninsa ba. Mu ba Sarkawan Kabi ba ne da ake haihuwarsu a bakin gulbi. Uba bai iya iyo ba, malami bai iya ba, to wa zai koya wa yaro? Haka kuma leda da robar lemo, baƙi ne a ƙasar nan. Kakanninmu da ganye da ƙwarya da faifai suke zuwa daji, abin da suka yar ƙasa ta cinye shi kafin damina ta zagayo. Tarbiyyar da muka gada mai kyau ce, sai dai zamani ya zo da abubuwan da ba ta yi magana a kansu ba.

Bari in kawo muku ɓarna huɗu da wannan rashin sani ke haifarwa.

Ta farko, tsargiya. Wata shekara wani almajirina ya zo mini yana ɓoye-ɓoye, da ƙyar ya faɗa mini jini yake gani a ƙarshen fitsarinsa. Da na tara sauran na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar ba shi kaɗai ba ne, har waɗansu suna ɗaukar abin alamar balaga. Malamin asibiti ya bayyana mini yadda ciwon yake. Mai tsargiya in ya yi bawali a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar kan fita tare da bawalin su ƙyanƙyashe, su shiga jikin waɗansu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, su hayayyafa a can, bayan 'yan makonni su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Akwai maganinsa a asibiti, ƙwaya ce ake haɗiya, amma in yaro ya warke ya koma ruwan da ake ta bawali a ciki, ciwon zai dawo. In kuwa ya daɗe a jiki yakan rage jini, ya raunana mafitsara, yaro ya riƙa gyangyaɗi a kan allonsa. Da na ji wannan bayani sai jikina ya yi sanyi, domin na tuna hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ga yin bawali a ruwan da ba ya gudu, hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito. Na sha karantar da shi a babin tsarki, ban taɓa kai yarana bakin dam na nuna musu cewa ga ruwan da ake nufi ba. Laifin nan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ta biyu, wuta. Da hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe iska kuma tana kaɗawa, yara kan cinna wuta a bakin rami domin su fitar da gafiya ko kurege. Gafiya ɗaya suke nema, amma wutar ba ta san iyaka ba. Takan ci karan da manomi ya tara, da harawar da ya ɗora a kan itace domin dabbobinsa, da gambar da za a yi zana da ita, da amyar mai zuma, da 'yan tsirran itatuwa da ba su kai gwiwa ba. Ƙasar da wuta ta ci kuwa takan zauna tsirara, ruwan farko ya kwashe ta ya zuba a dam, dam ya riƙa cikewa da yashi shekara bayan shekara. Mu masu makarantar allo mu ne ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan. Allonmu daga aduwa ake sassaƙa shi, alƙalaminmu daga gamba, tawadarmu daga gawayi da ƙaro, inuwar da gardi ke zama ya yi tilawa a kiskadi ita ma ta itace ce. Ku kuma 'yan kasuwa, kalwa da tsamiya da kuka da zuma da man kaɗe da kuke saye kuna kaiwa birni, daga ina suke fitowa?

Ta uku, nutsewa, ita ce mafi ɗaci. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, tsakanin ƙauyen Badau da garin Bagwai, ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Mutum 29 aƙalla suka rasu, galibinsu yara ƙanana. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bagwai maƙwabtanmu ne, yaran nan kuwa kamar namu suke, abin da ya fitar da su daga gida ma alheri ne. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma Shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Dam yana da laka mai riƙe ƙafa, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, da tsohon kwarin rafi inda ƙasa ke yankewa farat ɗaya, yaro yana tafiya ruwa iya ƙugu sai ya ji babu ƙasa. Masunta sun san wuraren nan kamar tafin hannunsu. Ba a taɓa haɗa su da yaranmu ba ne.

Ta huɗu, ƙazanta da ɓarnar hannu. Je ka bakin ruwa kashegarin Salla ka gani: ledar ruwa, da robobi, da fasassun kwalabe inda mata ke wanki ba takalmi. Akuya ko saniya ta haɗiyi leda, ta taru a tumbinta, dabba ta riƙa ramewa mai ita bai san dalili ba sai ran da mahauci ya farke cikin. Ga masu sassaƙe ɓawon maɗaci ko marke su zagaye gindin duka, itacen ya mutu a tsaye. Ga masu danƙo da ke harbin tsuntsu ba don ci ba, da masu kwashe sheƙa da 'ya'yanta. Ga masu ratsa lambun mutane su tattake albasa da tumatir.

To, jama'a, shin littattafanmu sun yi shiru a kan waɗannan? Ko kusa. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga biyan bukata a mashaya da tsakar hanya da inuwar da mutane ke hutawa, Shaihu Halilu kuma ya jera wuraren nan a Muhtasar cikin ladubban kewayawa, ya haɗa da gaɓar kogi da ramuka. Mai Risala ya bayyana cewa farauta domin wasa kawai makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. An ruwaito Manzon Allah ya umurci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, ya kuma yi musu faɗa a kan ƙona gidan tururuwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya aika Sham, inda ya hana su sare itace mai 'ya'ya da yanka dabba in ba don ci ba. In an hana mayaƙi haka a ƙasar abokan gaba, ina ga almajiri ran Alhamis a ƙasar ubansa? Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina hurumi domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umaru ya keɓe Rabaza, ya kuma gargaɗi wakilinsa kada ya hana masu 'yan dabbobi kaɗan shiga. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin filaye mai suna Ta'alimur Radi. Hurumi da burtali da mashaya da makiyaya duk kalmominmu ne. Ilmin yana nan a kan shiryayye. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi a kai shi bakin ruwa.

Yanzu sai maganar kuɗi. Mutanen waɗansu ƙasashe sun riga mu gane cewa koya wa jama'a ladabin daji ya fi tsare daji da bindiga araha. A Amurka, da masu yawon shaƙatawa suka yi yawa a dazuzzukansu har suna lalata su, ma'aikatan gandun daji suka fara wa'azi a kai, a 1994 kuma aka kafa ƙungiya domin wannan aiki kaɗai, ma'anar sunanta kada ka bar sawu. Ƙa'idodinsu bakwai ne, na sa an karanta mini su, ban sami ko ɗaya da ta saɓa wa Shari'a ba: shiri kafin fita, bin hanyar da aka riga aka taka, kwashe shara, barin abin da ka tarar, kiyaye wuta, girmama namun daji, da kula da haƙƙin waɗansu. A 1992 kuma, shekarar babban taron muhalli na birnin Riyo a ƙasar Barazil, aka buɗe wani shiri na ƙananan gudummawa a ƙarƙashin Asusun Muhalli na Duniya, ta hannun hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirin ya iso Nijeriya a 2009. Ƙungiyoyin jama'a ake ba kuɗin kai tsaye, kuma shekaru masu yawa iyakar abin da ake ba aiki guda dala 50,000 ne. Hikimarsu ita ce, mutanen wuri sun fi kowa sanin ciwon wurinsu.

Akwai manyan ayyuka kuma. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kano tana ciki. Ban raina wannan ba, domin yashe dam da toshe zaizaya ba aikin asusun masallaci ba ne. Amma babban kuɗi yana iya dasa itace dubu a yini ɗaya, ba ya iya hana yaro cinna musu wuta da hunturu. Wanda ke iya wannan shi ne wanda yaron ke durƙusa wa kowace safiya. Dattawanmu suna tuna Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, yadda aka riƙa ba malaman ƙauye ɗan ihsani kaɗan su karantar da manya a zaure, mutane da yawa kuwa ta nan suka iya karatu da rubutu. Irin wannan nake nufi.

Sai dai akwai cikas. Irin waɗannan gudummawa ta waje ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiya mai rajista da asusun banki, wadda za ta rubuta bukatarta da Turanci, ta kuma kawo rahoton yadda ta kashe. Alaramma mai almajirai ɗari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka sau da yawa kuɗin kan tsaya a hannun masu iya cika takarda a birni, a yi taro a otal, a raba kuɗin zama, a kafa allon sanarwa da Turanci a bakin ruwa inda masu shiga ruwan ba su karanta Turanci. Ban ce duka haka suke ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma wanda bai je rabo ba kada ya yi kukan an ba shi ƙashi.

Ga shawarata. Kada mu jira kowa, mu fara da namu. A kowace gunduma da ke kusa da ruwa, kamar Garo da Gude da Godiya a ƙasar Kabo, da Getso da Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, a kafa ɗan asusu. Attajirai da 'yan kasuwa su zuba abin da ya sauwaƙa bayan kaka, sa'ad da hannu ke da danshi. A naɗa mutum biyar su riƙe shi: malami ɗaya, ɗan kasuwa ɗaya, sarkin ruwa ko babban masunci, wakilin dagaci, da wani ɗanmu mai ilmin boko ya zama magatakarda. Kada a fitar da ko kwabo sai mutum uku sun sa hannu. Sau biyu a shekara a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Jumma'a, abin da ya shigo da abin da ya fita. In asusun ya shekara yana tafiya daidai, sai a yi masa rajista, a buɗe masa asusun banki, sa'an nan a nemi gudummawar waje da hujja a hannu. Mai ba da kuɗi ya fi sakin jiki da wanda ya tarar yana aiki.

Me za a saya da kuɗin? Abubuwa ne ƙanana. A buga ladubban a takarda guda da ajami, a raba wa makarantun allo da na Islamiyya da na matan aure, domin 'yan mata ma suna zuwa wanki da itace. A ba masunci ladan yininsa, tun da ya bar komarsa ya zo ya nuna wa yara inda zurfi yake, ya koya wa gardawa iyo da yadda ake ceton wanda ruwa ya ci, da igiya ko gora ko jarka, ba tare da mai ceton ya bi shi ba. A sayi rigunan da ke hana nutsewa a ajiye wurin sarkin ruwa, kada 'yan makaranta su hau jirgi sai da su. A sayi igiya da buhunan kwashe shara. A biya kuɗin motar malamin asibiti da malamin daji su zo su yi bayani. A gina ɗan makewayi nesa da ruwa inda masu wanki suka fi taruwa. Duka wannan a gunduma ɗaya ba na jin zai kai kuɗin sa guda mai ƙiba, attajiri ɗaya ma yana iya ɗauka.

Ladubban da za a karantar kuwa ga su a taƙaice. Na ɗaya, kada yara su fita sai da izini da gardi mai jagora, a ƙirga su wajen tafiya a ƙirga su wajen komowa, kuma kada a yi nisa cikin daji a wannan zamani na ɓarayin daji. Na biyu, kada a shiga ruwa sai inda masunta suka nuna, kada a hau jirgin da ya cika. Na uku, bawali da bayan gida nesa da ruwa da inuwa da hanya, a tona a rufe. Na huɗu, ba a cinna wa daji wuta domin nama, wutar girki kuma a share kewayenta, a kashe ta da ƙasa har ta huce kafin a tashi. Na biyar, itacen wuta busasshe wanda ya faɗi, mai neman sassaƙe ya ɗiba gefe ɗaya, mai tsinkar 'ya'yan itace kada ya karya reshe. Na shida, ba a kashe abin da ba za a ci ba, ba a taɓa sheƙa. Na bakwai, abin da ka zo da shi ka koma da shi, ka kiyaye lambun manomi da mashayar makiyayi. Darasin wuta a yi shi da kaka kafin hunturu ya shigo, darasin ruwa da farkon bazara sa'ad da zafi ke kora yara cikin dam, a kuma maimaita a hudubar Jumma'ar da ke gaban kowace Salla domin samari. Kuma a yi shi a wurin, malam ya taka da ƙafarsa ya je bakin ruwan. Gani ya kori ji.

In wani malami ya ce, wannan ai lahawu ne, aikinmu Alƙur'ani, sai in ce masa: Allah ya gafarta malam, an ruwaito Sayyidina Umaru ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, Manzon Allah kuma ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Yaran nan amana ce iyayensu suka damƙa mana, wani daga nesa aka kawo shi. Ko mun yarda ko ba mu yarda ba za su je ruwa ran Alhamis. In ɗaya bai komo ba, mu za a tambaya, a nan duniya da gobe kiyama.

In wani ya ce, kuɗin Turawa ba ya zuwa sai da ƙugiya a ciki, sai in ce: tsoronka yana da asali, shi ya sa na ce mu fara da namu. In na waje ya zo, a karanta sharuɗɗansa a fassara su a gaban malamai. Wanda ya saɓa wa addini a mayar musu da abinsu cikin mutunci, wanda bai saɓa ba a karɓa a yi aiki da shi bisa gaskiya, domin kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski.

In ɗan kasuwa ya ce, mutane na fama da abin da za su ci, wannan ne abin kashe wa kuɗi? Sai in ce: Alhaji, harawar da wuta ta ci abinci ce, akuyar da leda ta kashe jari ce, kuɗin maganin tsargiya daga bakin tukunya ake cire shi, dam ɗin da ya cike da yashi kuma shi ne tumatirin da ba za ka saya ba baɗi. Sa'an nan ilmin da ake amfani da shi yana cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Yaron da ya koyi iyo da kuɗinka, in ya ceci rai bayan shekara ashirin, kana da rabo kana cikin kabarinka.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da yawan taro. A ƙarshen shekara masu riƙe da asusu su zauna su tambaya: yara nawa ke fitsarin jini a makarantunmu bara, nawa ne bana? Gobarar daji nawa aka yi a gundumar nan? Gardawa nawa suka iya iyo? Yaya bakin ruwa ya kwana bayan Salla? In an ga sauƙi a gode wa Allah a ci gaba, in ba a gani ba a sake dabara. Ina kuma roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su sa albarka a wannan aiki, su ba malaman daji da na asibiti izinin zuwa in an kira su.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Ran Alhamis ɗin farko na kowane wata nakan bi yarana zuwa bakin ruwa, wani dattijon masunci ya tarye mu, in karanta musu babin ladubban kewayawa a inuwar tsamiya, shi kuma ya nuna musu ruwa da sandarsa, mu kwashe ledar da muka tarar kafin mu komo. Goro kawai nake iya ba shi, rigar hana nutsewa ko ɗaya ba mu da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na kawo kukana gare ku. Wanda ya ga gyara a cikin abin da na faɗa ya rubuto wa wannan fili, zan karɓa da godiya, domin sani ba ya ƙarewa a wurin mutum ɗaya.

Allah ya tsare mana zuriyarmu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa wa kasuwanninmu da makarantunmu albarka, ya ba mu damina mai amfani da zaman lafiya. Amin. Haza wassalamu.